Kuseri da Injamena: wa ya tarar da wani a bakin kogi?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a Kano, kuma zangon nan muna kan iyakokin ƙasashen Tafkin Chadi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Injamena, babban birnin Chadi. Abuja tana tsakiyar ƙasa, Yamai akwai tazara tsakaninta da iyaka, Yawunde ma haka. Ita kuwa Injamena a kan iyaka take daram, har an ce daga gaɓar kogi kana hangen Kamaru da idonka. A ƙetaren kuma akwai wani ƙauye, Kuseri. Me ya sa aka kafa babban birnin ƙasa a irin wannan wuri? Shi kuma ƙauyen, albarkacin birnin ya taso? Waɗanda suka san wurin su taimaka mini.

Ɗan Kotoko:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, kafin a je ko'ina bari in gyara abu biyu. Kuseri ba ƙauye ba ce, ita ce hedikwatar yankin Logon da Shari a lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kuma a ƙidayar 2005 mutanenta sun kusa dubu 90, yau sun ninka haka nesa ba kusa ba. Na biyu, wanda ya fi ci mini rai idan na ji an juya shi: Kuseri ba ta taso don Injamena ba. Injamena ce ta zo ta tarar da mu. Garinmu yana da sarki, yana da ganuwa, yana da kasuwa da masunta ɗaruruwan shekaru kafin Bafaranshe ya kafa tubali ɗaya a wancan hayin. Inda birnin yake yanzu, ƙauyen Kotoko ne Turawa suka samu a shekarar 1900.

Abu Hafsat:
Madalla, irin wannan nake nema. Ɗan'uwa ka fara mana da yadda ƙasar take, don yara sai sun ga ruwan a zuciyarsu sannan tarihi ke zama.

Ɗan Kotoko:
To Malam. Koguna biyu ne. Logon yana tasowa daga tsaunukan Adamawa na wajen Ngaundere da kuma arewacin Afirka ta Tsakiya, ya bi ta Mundu da Bongor ya nufo arewa. Shari kuma daga Afirka ta Tsakiya yake fitowa, ya ratsa Sarh. A gabanmu suke haɗuwa. Kuseri tana yamma, a bakin Logon daidai inda zai faɗa cikin Shari, Injamena tana gaɓar Shari ta ƙetare. Daga nan su biyun su zama kogi ɗaya ya gangara Tafkin Chadi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai wa tafkin ta nan yake wucewa. Wato duk mai kamun kifi a Baga ko Doron Baga, ruwan da ya bi ta ƙofar gidanmu yake ci.

Iyakar kuwa ruwan take bi. Kudu da mu Logon ne iyaka, arewa da mu Shari ne iyaka har tafki. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu tudu, baƙin laka ne mai riƙe ruwa. Da rani ya dare ya yi tsaga, da damina ya kama ƙafar mota. Zafin Afrilu ya kan haura 40. Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne lokacin cikar kogi. Damina tana ɗaukewa a wurinmu a Satumba, amma ruwan kudu bai iso ba tukuna, sai Oktoba zuwa Nuwamba kogi ke kai maƙura. Sama tas babu hadari, amma ruwa na hawowa cikin gida.

Alhaji Mai Tirela:
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Na yi shekaru ina jan mota a hanyar nan tun ina ƙaramin direba. Daga Maiduguri ka bi Dikwa, ka isa Gamboru Ngala, ka haye gadar El Beid ka shiga Fotokol, ƙasar Kamaru ke nan. Daga Fotokol zuwa Kuseri wajen kilomita 100 ne kacal, ta Maltam. Kamaru a nan ta tsuke kamar wuyan gora, shi ya sa da safe kana Nijeriya, kafin dare kana Chadi idan hanya ta yi kyau, ƙasa uku a wuni ɗaya. Idan damina ta kankama kuwa ba a maganar wuni, motoci kan kwana a laka kwana da kwanaki.

Kuma Malam ka sani, gadar Ngeli da ake hayewa yanzu a kan Logon sai a 1985 aka gina ta. Kafin nan jirgin fito ne ke ɗaukar mota, mutane kuma kwalekwale. Ko ka haye Ngeli ba ka shiga cikin birni ba, kana tsakanin kogunan biyu ne, sai ka wuce Waliya ka sake haye Shari ta gadar Shagwa.

Ummu Salma:
Baba, to su Kotoko ɗin su wane ne? Mu dai a makaranta Barebari da Shuwa kawai aka gaya mana a wannan yankin.

Malam Na-Marwa:
Ƙanwata, wannan gibin ba ke kaɗai ke da shi ba. Kotoko su ne ke danganta kansu da mutanen Sao, waɗanda suka zauna kudancin tafki tun kafin sarakunan gidan Sayfawa su taso daga Kanem su kafa Borno. Masu tonon kayan tarihi sun samo manyan tulunan da Sao ke binne mamatansu a ciki, da gumakan yumɓu, da kayan tagulla, a kan tuddan da suka gina garuruwansu don tsere wa ambaliya. A Gawi, wani ƙauye kusa da Injamena, an mai da tsohon gidan sarki gidan adana irin waɗannan kaya.

Kotoko ba su yi daula ɗaya babba ba. Birane suka yi masu ganuwa, kowanne da sarkinsa: Makari, Afade, Gulfe, Kuseri, Logon Birni. Duk a bakin ruwa suke ko kusa da shi, saboda arzikinsu kifi ne da fito da harajin fatake. Suna da wani babban jirgin su mai ɗauke da koma mai kusurwa uku a goshinsa, ana sauke ta cikin ruwa ana ɗagawa. Tun zamanin Mai Idris Aloma a ƙarni na 16 Borno ta matsa musu, Musulunci ya shiga, na arewa suka zama masu biyayya ga Borno. Ta gabas kuma daular Bagirmi na nan tana kai musu hari. Bajamushen nan Barth ya bi ta Logon Birni a 1852 kan hanyarsa ta zuwa Bagirmi, ya kuma tarar da gari mai sarki da fada. Wani abin da zai ba ki sha'awa: masana harshe sun sa harsunan Kotoko cikin dangi ɗaya da Hausa, dangin harsunan Chadi, ko da yake reshe daban ne kuma ba ma jin juna.

Abu Hafsat:
Allah ya ƙara sani Malam. Saura tambayata ta farko. Me ya kawo babban birni nan?

Malam Na-Marwa:
Yaƙi ne ya kawo shi, yaƙin Rabe. Rabe Fadlallah mutumin Sudan ne daga wajen Khartum, ya yi aiki ƙarƙashin Zubairu Pasha a Bahar Gazal. Da aka murƙushe rundunar Zubairu sai ya yo yamma da bindigoginsa. Ya ci Bagirmi, ya ci Borno a 1893, aka ƙone Kukawa, ya mai da Dikwa hedikwatarsa. Biranen Kotoko duk suka shiga hannunsa, har da Kuseri inda ya ajiye dakaru.

Faransa kuma tana son haɗe abin da ta mallaka a Aljeriya da Afirka ta Yamma da Kwango, kuma Tafkin Chadi ne mahaɗar. Sai ta turo runduna uku. Ta Foureau da Lamy ta ratso Sahara daga Aljeriya ta Agadas. Ta biyu ta taso daga kogin Kwara. Ta Gentil ta biyo Shari daga kudu. Lamy ya ƙwace Kuseri a watan Maris na 1900, Gentil ya iso a Afrilu, ranar 22 ga Afrilu 1900 suka auka wa sansanin Rabe a wajen gari, tare da mayaƙan Sarkin Bagirmi Gauranga. Aka kashe Rabe aka sare kansa. Lamy ma raunin da ya samu a ranar shi ya yi ajalinsa.

To ga inda amsarka take. Turawa sun riga sun raba ƙasar a takarda tun 1894, kuma yammacin Shari rabon Jamus ne. Faransawa sun ci yaƙi a ƙasar da ba tasu ba, ba su da damar zama a Kuseri. Sai Gentil ya haye ruwa ya kafa bariki a ɗaya gaɓar ranar 29 ga Mayu 1900, ya sa masa sunan Lamy. Fort Lamy ke nan, wadda kakanninmu ke kira Fallomi. Barikin soja ne aka dasa a kan iyaka don tsaron mahaɗar ruwa, shi ya girma ya zama babban birni. Shugaba Tombalbaye ne ya canza sunan zuwa Injamena a 1973.

Ba-Damagare:
Malam ka wuce runduna ta biyu da sauri, mu kuwa ba za mu wuce ta ba, don a kan kakanninmu ta bi. Ita ce ta Voulet da Chanoine. A 1899 suka ratsa ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa. Su ne suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, su ne suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labarinsa. Sojojinsu da kansu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi a watan Yuli, sauran rundunar ta ci Damagaram, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Joalland da Meynier suka ja ragowar har bakin Shari. Don haka duk wanda zai ce mini Faransawa sun je Kuseri ne su ceci mutane daga zaluncin Rabe, sai ya fara zuwa Ƙonni ya faɗi haka. A wurina Rabe jarumi ne, ya tsaya ya mutu da makami a hannu, bai sa hannu a takardar kowa ba.

Bakura na Yerwa:
Yayana na Damagaram, abin da aka yi wa Ƙonni zalunci ne, babu mai musu. Amma kada zafin wannan ya sa ka wanke Rabe. Mu Barebari mun san shi ta wata fuskar. Kukawa birnin Shehu Laminu ce, cike da malamai da almajirai, Musulmi ne a ciki, ya mai da ita kufai. Ya kashe Shehu Kyari. An kama 'ya'yan mutane an sayar. Tsofaffinmu da shekarun Rabe suke kwatanta tashin hankali. Mutumin da ya fito daga wata ƙasa da bindiga ya ci taka ƙasar, sunansa mai mamaya, ko baƙi ne ko fari. Yaƙin Kuseri masu mamaya biyu ne suka haɗu a kan ƙasar da ba ta ɗayansu ba.

Ba-Damagare:
Amma Bakura, bayan an kashe shi me Borno ta samu? An raba ta uku. Ingila ta ɗauki nata, Jamus ta ɗauki Dikwa, Faransa ta ɗauki arewa. Da Rabe ya yi nasara da daular na nan a dunƙule a hannun Musulmi.

Bakura na Yerwa:
A dunƙule a hannun wa? Ka tambayi zuriyar Hayatu ɗan Sa'idu. Jikan Sarkin Musulmi Bello ne, ya zauna a Balda kusa da Marwa, ya yi imani da Mahadin Sudan, ya haɗa kai da Rabe har ya auri 'yarsa Hauwa. Ƙarshensa a hannun mutanen Rabe ya mutu sa'ad da ya nemi ficewa daga Dikwa. Wanda bai bar surukinsa ba, talakan Ngala zai bari? Sakkwato ma ba ta taɓa yarda da shi ba. Ni ban ce Bature alheri ya kawo ba. Cewa na yi a bar kowa da laifinsa.

Ɗan Kotoko:
Ku biyun kuna gardama a kan Rabe da Lamy, ba wanda ya tambayi mutanen garin da aka yi yaƙin a ƙofarsu. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana damuna. Littafi zai ba ka sunan kwamandan Faransa, sunan Rabe, sunan ɗansa Fadlallah da aka kashe a Gujba a 1901, amma Kuseri sai ta zama fili kawai. Alhali Rabe ya ci mu, Faransawa sun ci mu, Jamusawa suka karɓe mu suka kafa bariki, a 1914 Faransawa suka sake hayowa daga Fallomi suka ƙwace garin, suka kuma laƙaba masa sunan Fort Foureau, wanda ya ɗauka har bayan 'yancin kai. Cikin shekara ashirin da 'yan kai tuta nawa ke nan a kan gari ɗaya? Kuma mafi ciwo, dangi ɗaya aka raba. Kotoko suna gaɓa biyu tun asali. Kogi bai taɓa zama bango a wurinmu ba, hanya ce. Da kwalekwale ake kai amarya, da shi ake zuwa gaisuwar mutuwa.

Malam Na-Marwa:
Wannan haka yake. Kuma ga abin da 'yan Nijeriya da yawa ba su sani ba: a zamanin Jamus, Dikwa da Bama da Ngala da Kuseri duk ƙasa ɗaya ce, Kamaru ta Jamus. Bayan yaƙin duniya na farko aka raba, Ingila ta karɓi ɓangaren Dikwa, Faransa ta karɓi na Kuseri. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 ɓangaren Ingila na arewa ya zaɓi Nijeriya. Ita ma iyakar Logon ba tun farko take haka ba. Jamus tana da wani yanki tsakanin Logon da Shari da ake kira bakin agwagwa, a yarjejeniyar 1911 ta bar wa Faransa shi, iyaka ta dawo kan Logon. Abu Hafsat, idan ka nuna wa ɗalibanka taswirar 1910 da ta yau gefe da gefe, za su gane cewa layukan nan ba su daɗe ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni Bahaushiya ce haifaffiyar Injamena, bari in sa baki ta wajen da na sani. Kakana daga ƙasar Kano ya taso da ƙafa zai tafi aikin hajji. Hanyar ke nan a da: Borno, Kuseri, a yi fito zuwa Fallomi, sai Abeshe, sai Junaina, a ratsa Sudan zuwa Bahar Maliya. Ana shekaru a hanya, ana tsayawa ana sana'a a tara guzuri. Wasu sun isa Makka, wasu sun zauna a Sudan, wasu irin kakana nan bakin kogi suka yada zango, aure ya riƙe su. Shi ya sa za ka ji Hausa a kasuwannin gaɓa biyun, wajen mahauta da 'yan koli da masu ɗinki da masu goro, duk da Larabcin Shuwa ne harshen ciniki na kowa.

Yau ɗin nan rayuwarmu a haɗe take. Kuɗinmu ɗaya ne, sefa ta Afirka ta Tsakiya, ba sai ka yi canji ba. Da safe gadar Ngeli cike take da babura, mata na zuwa Kuseri sayen sukari, sabulu, atamfa, kayan miya. Akwai 'yan Chadi da yawa da ke haya a Kuseri suna aiki a Injamena, akwai masu kai 'ya'yansu makaranta can. Ni ba na jin na je wata ƙasa idan na haye, sai lokacin da aka tsayar da ni a shinge.

Alhaji Mai Tirela:
Hajiya kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Chadi ba ta da teku. Kaya daga tashar jirgin ruwa ta Duwala suke zuwa, wasu ta jirgin ƙasa har Ngaundere, sannan tirela ta ɗauka ta bi Garwa, Marwa, Mora, Waza, Dabanga, Kuseri. Daga Marwa wajen kilomita 260 ne, amma lalacewar hanyar Mora zuwa Kuseri ta sa direbobi da yawa suka koma bi ta Tuboro da Mundu. Ta ɗaya ɓangaren shanun Chadi ke hayowa su nufi Gamboru da Maiduguri, daga can a loda su zuwa kudu. Naman da ake ci a Legas, wani daga nan ya bi. Mu kuma mu kai man fetur, siminti, robobi, taliya. Abin da ke karya direba shi ne yawan tsayawa. Kowane shinge sai ka sauka, takardunka cikakku amma sai an ɓata maka wuni. Talaka ne ke biyan wannan a farashin kaya.

Ummu Salma:
Hajiya, na taɓa jin an ce duk lokacin da aka yi rikici a Chadi Kuseri ake gudu. Gaskiya ne?

Hajiya Mai Atamfa:
Gaskiya ne 'yata, mun gani da idonmu. A 1979 aka fara yaƙi cikin birni, a 1980 ya ƙazanta tsakanin mutanen Gukuni Waddai da na Hissen Habre, watanni ana ruwan harsashi. Babu gada a lokacin. Iyayenmu a kwalekwale suka haye da mu, wasu da ƙafa inda ruwa ya janye. Dubun dubatar mutane suka cika Kuseri, baƙi suka fi 'yan gari yawa, ana kwana a makarantu da gindin bishiya. Daga can kana jin ƙarar bindiga kana ganin hayaƙi yana tashi daga unguwarku. Su kansu manyan ta nan suka bi. Habre ya tsallaka Kamaru a ƙarshen 1980, Gukuni ya tsallaka a 1982 da Habre ya dawo ya ƙwace birnin, Habre ya sake bi ta Kamaru a 1990 da Idris Debi ya kore shi.

Sai Fabrairu 2008, da 'yan tawaye suka shigo har kusa da fadar shugaban ƙasa. Wannan karon ta gada aka bi, mutane maƙil, kowa da ƙullin kaya a ka, har aka buɗe sansani a Maltam. Ina faɗa a gaban kowa, mutanen Kuseri sun yi mana halacci. Matar da ta ba mu ɗaki a 1980 ba ta san mu ba, ba ta karɓi ko sisi ba, kuma zumuncin nan har 'ya'yanmu.

Ɗan Kotoko:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ku ma kun rama. A Disamba 2021 mu ne muka gudo wurinku. Rikici ya tashi tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, daga wani ƙauye ya bazu har cikin Kuseri, aka ƙone kasuwar shanu. Dubun dubata suka haye zuwa Chadi, yawancinsu mata da yara.

Ba-Damagare:
Me ya haɗa su? Ƙabilanci ne ko siyasa?

Ɗan Kotoko:
Ruwa ne tushe, yayana. Kudu da mu akwai babbar fadama da ake kira yayre, wadda Logon ke malalewa a kanta kowace shekara. Idan ruwa ya hau, kifi ya shiga ya hayayyafa. Idan ya janye, masunta su kama, ciyawa ta fito makiyaya su shigo da shanu, manoma su dasa masakwa, wato dawar rani, a laka. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, malalar ta ragu ƙwarai. Mutane kuma suka ƙaru. Masunta suka shiga haƙa ramuka da magudanai don tare ruwa da kifi, shanu na faɗawa ciki suna karyewa. Daga saniya ɗaya sai a kai ga gawa.

Malam Na-Marwa:
Ɗan'uwa na yarda da kai rabi. Ruwa na ciki, amma kada mu ɗora wa kogi komai. A 1992 an yi mummunan faɗa tsakanin Kotoko da Shuwa a cikin Kuseri, lokacin da aka dawo da siyasar jam'iyyu da yawa, kuma wannan a kan ƙuri'a da mulkin gari ne. Wa zai zama magajin gari, wa zai zama ɗan majalisa, sarautar wa ke da iko da ƙasa. Ga makamai da suka yawaita tun yaƙe-yaƙen Chadi. Da can idan saniya ta yi ɓarna, sarki da lawani da bulama ke zama su yanke diyya, kowa ya bi. Da aka raunana wannan ba a kawo abin da ya maye gurbinsa ba.

Ɗan Kotoko:
Ban musa ba Malam. Na 1992 a gidanmu ma an yi rashi, shi ya sa ba na son buɗe shi a nan. Abin da zan ce kawai, Shuwa da Kotoko da Musgum babu mai tashi ya bar wa wani ƙasar nan. Mun yi auratayya, masallaci ɗaya muke shiga da yawancinsu.

Bakura na Yerwa:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu ma ta nan taimako ya zo mana. Bayan abin da Boko Haram ta yi wa Gamboru a Mayu 2014 hanyar ta mutu, ciniki ya tsaya cak. A Janairu 2015 sojojin Chadi suka haye ta Kuseri suka nufi Fotokol, a Fabrairu suka shiga Gamboru. Hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin mai yaƙi da Boko Haram ma a Injamena take, haka Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a can tun 1964.

Hajiya Mai Atamfa:
Mun biya kuɗin wannan shigar. A Yuni da Yuli 2015 aka tayar da bama-bamai a Injamena, har da babbar kasuwa. Daga nan bincike ya tsananta a gada, hayewar da muke yi cikin 'yan mintoci ta koma dogon layi a rana.

Abu Hafsat:
Jama'a kun ba ni abin da ya fi darasi ɗaya. Tambaya ta ƙarshe ga Ɗan Kotoko da Hajiya. Ana ta cewa Tafkin Chadi ya ƙafe, daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ɗan kaɗan. To ya aka yi kuma muke jin ambaliya a wurinku?

Ɗan Kotoko:
Duka biyun gaskiya ne Malam. Tafkin ya ragu sosai a shekarun fari, amma ba shi da zurfi, yana faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon abin da Shari ya kawo. Shekarun nan ruwan sama ya yawaita a kudu. A Oktoba 2022 kogunan biyu suka cika lokaci guda suka fasa, unguwanni suka nutse a Kuseri, a 2024 aka sake. Garuruwan sun kuma girma sun shiga inda kakanninmu ba sa gini. Su a kan tudu suke zama, sun san inda ruwa ke kwana. A shekarun fari aka yanka filaye a cikin kwari aka sayar, mutane suka gina da bulon laka, yanzu ruwa ya dawo wurinsa.

Hajiya Mai Atamfa:
Waliya da Tukra a wajenmu su suka fi shan wahala, da kwalekwale ake shiga unguwa, matasa na cika buhuna da ƙasa dare da rana. Kuma abin da ke ba ni tsoro, idan gaɓa ɗaya ta ɗaga jingarta, ruwan ɗaya gaɓar yake komawa. Dole gwamnatocin biyu su zauna su yi aikin tare.

Alhaji Mai Tirela:
Malam Abu Hafsat, idan kana son zuwa ka gani, ka bari sai Disamba ko Janairu. Ruwa ya fara janyewa, hanya ta bushe, zafi bai sauko ba. Ka riƙe fasfo da katin allurar shawara, kuma ka tambayi direbobin tashar Gamboru a Maiduguri halin da hanya take ciki kafin ka taso, don tsaron Dikwa zuwa Ngala yana canzawa.

Ɗan Kotoko:
Idan ka iso ka yi mini magana ta akwatin sirri. Zan kai ka fadar Sarki, in nuna maka mahaɗar kogunan, sannan mu haye Gawi ka ɗauki hotunan tulunan Sao ka kai wa yaranka.

Abu Hafsat:
In sha Allahu hutun Disamba. Malam Na-Marwa, don Allah ka turo mini taswirar nan ta zamanin Jamus, ranar Litinin nake son fara darasin da ita.